Tumatir a Kular Hajiya Turai

Ku zauna, ku zauna, ku bar wannan tsugunne-tsugunnen, gwiwoyinku za su yi muku amfani nan gaba. Kai ne Sadiƙu ko? Kai ne ka ce wa sakataren gasa wai alƙalancin rubutun kimiyya ai ba aiki ba ne, karatu ne kawai da ba da maki, a kwance ma mutum zai iya yi? Kada ka sunkuyar da kai, maganar ta riga ka isowa nan unguwarmu Kusfa. Ke kuma Dakta Maryam, na ji kin karɓi aikin ne don a sa hotonki a shafin gasar, a rubuta a ƙasa ƙwararriya a fanni kaza, ta yi digiri a wuri kaza. To madalla. Ni ma nawa hoton yana can. An rubuta Farfesa Ramatu, masaniyar sinadarai, ta koyar shekara da shekaru, ta wallafa maƙalu, ta yaye ɗalibai. Duk gaskiya ne. Abin da ba su rubuta ba shi ne dalilin da ya sa na yi ta amsa Dakta har furfura ta cim mini, alhali sa'o'ina duk sun zama farfesoshi. Shi zan gaya muku yau, tun da kun kawo kanku.

Marigayi Malam Sambo ne ya jawo ni cikin aikin nan, Allah ya jiƙansa. Farfesa ne na tsirrai, amma in ka kira shi Farfesa a cikin gari ba zai waiwayo ba. Gidansa a Gyallesu, kuma a zaurensa alƙalai ke zama. Gasar kun san ta: mutum ya ɗauki wani abu na kimiyya ya rubuta shi da Hausa, yadda mai tuyar ƙosai za ta ji ta gane har ta yi amfani da shi. Mu uku ne alƙalai a lokacin, shi Malam, da Dakta Isiyaku na sashen fiziya, sai ni, ina ɗanyar dakta, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro gishiri.

Rubutun da na fara dubawa na wani ne da ya ce 'ya'yan zogale suna kwantar da dauɗar ruwa. Hausarsa ta gida ce, ba wata babbar kalma, ba sunan wani sinadari. Na karanta rabi, na ja tsaki, na zabga masa maki kaɗan da jan biro. Malam Sambo ya duba makin, ya duba ni ta saman tabarau. Sai ya sa aka ɗebo ruwan kududdufi a bokiti, ya miƙo mini turmi da 'ya'yan zogale.

Na ce, "Malam, ni zan daka?"

Ya ce, "Digirinki ya hana?"

Na daka, na zuba, na juya yadda rubutun ya ce, muka zauna muna kallon bokiti kamar masu jiran baƙo. Can sai ga laka ta kwanta, ruwa ya yi garau. Malam ya ɗebo a kofi ya miƙo mini. Don in nuna na yarda, na kai baki. Ya buga mini tsawa.

"Ajiye! Ai mutumin ya ce a tafasa tukuna. Yana nan a shafi na ƙarshe, wanda ba ki karanta ba."

Ranar na koyi dokarsa ta farko: abin da hannunki bai gwada ba, jan bironki ba ya taɓa shi. Duk rubutun da ya ce a yi kaza a gida za a ga kaza, sai alƙali ya yi kazan nan da hannunsa, daidai yadda aka rubuta, ba ƙari ba ragi. In marubuci ya manta ya ce a buɗe taga, to alƙali ba ya buɗe taga, don mai karatu a ƙauye ma ba zai buɗe ba.

Saboda haka kayan aikinmu ba biro da tabarau ba ne kawai. Akwai turmi, akwai sikeli, akwai bokitai, da wata tukunya da aka haramta dafa abinci a cikinta har abada, da tsumman toshe hanci. Sai babban ma'auni, wato barcin Malam Sambo. Bayan azahar, in ya ci tuwonsa ya jingina da bango, sai ya ce a karanto. Ni ke karantawa, Dakta Isiyaku yana riƙe da biro yana kallon kan Malam. Duk inda kai ya langaɓe, sai ya ja layi a wurin. Kada ku yi dariya, ma'aunin nan bai taɓa yi mana ƙarya ba. Akwai wani malamin jami'a da ya yi rubutu kan yadda taurari ke mutuwa, tun a sallama Malam ya tafi, sai da aka kira la'asar.

Dakta Isiyaku shi ne mai ɗaukar gwaji mai haɗari, don shi ba ya jin magana. Wata shekara wani ya rubuta yadda ake samun iskar girki daga kashin shanu a cikin duro. Isiyaku ya tara kashin shanu a bayan gidansa, maƙwabta suka daina gaishe shi, ya yi ta jira. Ranar gwaji ya buɗe bututu, ya kasa kunne bai ji komai ba, ya ce ƙarya ce, ya leƙa da ashana a hannu. Wallahi rubutun gaskiya ne, shi ya zo na ɗaya ma a shekarar. A wurin ba da kyauta Isiyaku ya hau mumbari ba gira ko ɗaya, kowa ya ɗauka mamakin hazaƙar marubucin yake yi. Bawan Allah nan har ya yi ritaya bai wuce babban malami ba. Lokacin da abokansa ke rubuta maƙalu suna aikawa ƙasashen waje, shi yana can yana gwada ko da gaske ɓawon lemo na korar sauro. Kuma in za ka cike takardar neman ƙarin girma, duk wahalar nan layi ɗaya ake ba ta, wai hidimar al'umma, makinta daidai da na wanda ya jera kujeru a bikin yaye ɗalibai.

To amma duk wannan ba shi ne wuyar aikin ba. Wuyar aikin kwano ne.

Za a ce muku ana cire sunayen marubuta a sa lamba, don kada alƙali ya san na wa yake dubawa. Haka ne, ana cirewa. Amma a birnin Zariya muke, inda in ka tsaya tsakiyar Kwarbai ka yi atishawa, wanda zai ce maka yarhamukallahu ko kawunka ne ko surukin kawunka. Ba wanda zai zo ya ce miki, Dakta, ga lambar ɗana. Haba, ai mu masu kunya ne. Kwano za a aiko, a ce ana gaishe ki. Ki buɗe, ki ga farfesun tarwaɗa, sai ki tuna a cikin rubuce-rubucen bana akwai ɗaya kan kiwon kifi a tanki. Mai rubutu kan kiwon zuma, zuma za ta zo. Mai wutar sola ya taɓa aiko mini da zoɓo mai ƙanƙara a lokacin da unguwa ta manta kamannin lantarki. Wanda ya ba ni tausayi shi ne mai rubutu kan tsutsar ciki. Uwarsa ta rasa abin aikowa, sai ta aiko da fura, ta ce a gaya mini da tafasasshen ruwa aka dama.

Kuma ba a mayar da abinci. Ki ce a koma da shi? Sai dai in kin shirya barin garin. Na kai wa Malam Sambo kuka tun a shekarar farko, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ya ce, "Ramatu, a gidanku in maƙwabta sun aiko da kwano, haka nan kuke mayar da shi wayam?"

Na ce, "A'a Malam, ana sa wani abu."

Ya ce, "To ki ci abincinsu, ki yi hamdala. In za ki mayar da kwano, ki sa abin da ya fi wanda ya zo. An kawo kifi, ki mayar da kaza. Shi ke nan, ba kya jin nauyin kowa, su ne ma za su ji naki."

Wannan ita ce doka ta biyu. Kun ga ke nan alƙali shi ke ciyar da masu gasa. Maigidana Alhaji Garba, mai ɗinkin manyan riguna ne, yini yake a zaure da allura, shi ke karɓar kwanuka shi ke sallamar masu karɓa. Yakan ce bai taɓa ganin aikin da ake ƙoshi a kuma tsiyace a lokaci ɗaya ba sai nawa. Amma ya riƙe dokar fiye da ni. In kwano zai fita sai ya ɗaga ya ji nauyinsa, in bai gamsu ba ya dawo da shi ciki.

Sai muguwar shekara ta zo, shekarar dogon yajin aiki. An rufe jami'a, an garƙame ɗakunan gwaji, albashi ya tsaya cak. A shekarar ce kuma na haɗa takarduna na neman zama farfesa. Na miƙa su kafin a tafi yajin, suna kan teburin shugaban tsangayarmu, Farfesa Ɗalhatu, masanin ƙasar noma, mutumin Kwarbai. Sa hannunsa kawai ake jira a tura gaba. Kuma kowa ya san daga baɗi za a sauya ƙa'ida, za a ƙara yawan maƙalun da ake nema, wasu nawa ma ba za a ƙirga su ba. Wanda bai wuce a wannan zangon ba, sai ya koma baya ya sake lale. Ni kuwa na ga takardun nan a mafarki ya fi a ƙirga.

Gasa ba ta yajin aiki. Rubuce-rubuce suka zo, kwanuka suka biyo baya, na sayar da tunkiyata na bi su da kaji. Ran nan sai ga mota ta tsaya a bakin lungu, direban Farfesa Ɗalhatu ya shigo yana nishi, rungume da wata jibgegiyar kula ja, irin wadda ake zuba abincin biki. Ya dire ta a zaure ya ce Hajiya Turai, uwargidan Farfesa, tana gaishe ni, ta ce a gaya mini tumatirin miyar na gonar Nazifi ne. Shinkafa ce da miya, kaji sun yi iyo a ciki. Nazifi ɗansu ne na fari, yana gabatar da shirin manoma a wani gidan rediyo. A cikin rubuce-rubucen bana kuwa akwai guda ɗaya tak kan tumatir. Na zauna a bakin kular nan, raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni. Duk da haka na ci, don miyar ta yi daɗi.

Rubutun fa ya rubutu, ba zan ci haƙƙinsa ba. Malam Sambo bai ko lumshe ido ba har aka gama, Isiyaku ya ajiye biro yana gyaɗa kai. Yadda za a adana ɗanyen tumatir wata uku ba firji. A sami nunanne mai kyau, a sami tokar itace a yayyafa mata ruwa ta jiƙu, a jera tumatir a binne a ciki, a cikin kula babba mai murfin da ke kamawa gam, a naɗe bakin da leda, a liƙe da salatif kada iska ta shiga ko kaɗan. Da na ji jiƙaƙƙiyar toka da rufewa ruf, gabana ya faɗi. Amma doka doka ce, ba a hukunci da faɗuwar gaba. Gwajin ya faɗo a kaina, tun da ni ce ta sinadarai.

Ɗakin gwaji a rufe. Kulolin gidana duk murafensu sun saki, wata ma da tsumma ake ɗaure ta. Kula ɗaya ce a gidan da ta cika sharaɗin rubutun, ita ce ta Hajiya Turai, tana zaune a wanke tana jiran in sami abin da ya fi shinkafa da kaji in zuba. Na ce kafin Allah ya hore, bari ta yi wa kimiyya hidima. Na jiƙa toka, na jera tumatir, na rufe, na naɗe da leda, na bi da salatif zagaye bayan zagaye, na tura ta lungun bayan madafa. Har yau in aka ce in sake, haka zan yi, don rubutun kula ya ce, bai ce tukunya ba.

Aka yi makonni. Matar Nazifi ta haihu, ɗan fari, jikan farko a gidan Farfesa Ɗalhatu. Ranar suna muna da zama a Gyallesu da safe, na ce wa Alhaji daga can zan wuce Kwarbai yinin suna. Ashe bayan fitata direba ya zo, ya ce Hajiya ta ce a taimaka da kular nan, baƙi sun yi yawa, mazubi ya yi kaɗan. Alhaji ya shiga ya lalubo ta a bayan madafa. Ya ɗaga, ya ji nauyi, ya ga an liƙe baki da salatif tsaf. Daga baya ya ce mini wallahi ranar ya ji ya ƙara girmama ni, ya ce a cikin wannan babu matarsa ta cika kula haka. Har ya ƙara da saƙo, ya ce a ce da Hajiya ba yawa, a raba wa baƙi.

Na isa Kwarbai bayan azahar. Tsakar gida cike da mata, leshi da gwala-gwalai, matan farfesoshi a kan kujeru, dangi a kan tabarmi, ƙamshin turaren wuta ko'ina. Hajiya Turai ta tarbe ni da hannu biyu, ta zaunar da ni kusa da maijego. Ashe ta riga ta gaya wa duk matan nan cewa Nazifi ya gano yadda za a adana tumatir, ya shiga gasa, kuma ga alƙaliyar nan ta gida ce. Ina cikin yi wa jariri addu'a sai na ji ta ɗaga murya.

"Ku kawo kular Dakta nan tsakiya! Jama'a ku ga abin arziki, mutum biyu suka ɗauko ta."

Na ɗago kai. Na ga ja. Na ga salatif ɗina.

Na ce, "Hajiya, don Allah kada a buɗe a nan."

Ta ce, "Ji kunya wai! Ai abin alheri ba a ɓoye shi. Miƙo wuƙa."

Na yunƙura zan tashi, ga jariri a hannuna, na rasa inda zan ajiye shi. Wata tsohuwa ta riga ta kama hanci ta soma rangaɗa guɗa. Hajiya Turai ta yanka salatif, ta murɗa murfi. Ba ta ma ɗaga ba, shi ya ɗaga kansa, ya yi wata irin ajiyar zuciya, fusss.

Yaran nan, na yi shekaru ina aiki da sinadarai, na shaƙi abubuwan da aka rubuta wa hoton ƙoƙon kai a jikin kwalba. Ban taɓa jin irin wannan ba. Mai guɗa ta tsaya a tsakiya, ta koma tari. Turaren wuta ya ba da kai nan take. Wata baƙar kumfa ta taso ta gangaro gefen kula ta nufi tabarma. Matan farfesoshi suka bar takalma suka yi zaure, zaure kuwa cike da maza, mazan suka ɗauka gobara ce suka yi waje, masu kiɗa a ƙofar gida suka ga maza na gudu su ma suka kwashi ganguna. Maijego ta fizge ɗanta ta faɗa ɗaki ta danno ƙofa. Aka bar ni da Hajiya Turai da kula.

Ta toshe hanci da gefen mayafi, ta ce, "Ramatu, mene ne wannan?"

Ni kuma bakina ba ya iya kwana-kwana. Na ce, "Tumatir ne, Hajiya. Yadda aka rubuta a adana shi, haka na adana."

Matan da ke leƙe ta zaure duk sun ji. Kafin magariba labari ya gama birni: alƙaliya ta mayar wa Hajiya Turai da makin ɗanta a kula. Ba wanda ya yarda kuskure ne. Alhaji ya je har gidan ya rantse, aka ce ai dole ya kare matarsa. Abin haushin, wasu har tare ni suke yi a hanya suna yaba mini jarumta.

Bayan kwana biyu Farfesa Ɗalhatu ya zo da kansa, da hantsi, ba direba. Alhaji ya shimfiɗa masa darduma a zaure ya tattara allurarsa zai fita, Farfesa ya ce masa a'a, ya zauna. Na fito na gaishe shi, na soma ba da haƙuri. Ya ɗaga hannu.

"Dakta, tokar jiƙaƙƙiya kika sa?"

"Jiƙaƙƙiya, ranka ya daɗe, yadda aka rubuta."

"Kin rufe ruf?"

"Ruf."

"Tumatirin ba mai tabo?"

"Da hannuna na zaɓa."

Ya kalli rigar da Alhaji ke ɗinki. Sannan ya ce, "Ni na ce wa Nazifi ya jiƙa. A tunanina danshin zai hana shi yamushewa. A mota muka yi maganar, ban gwada ba." Sai ya gyara zama, ya sassauta murya. Ya ce Hajiya ba ta ci ba ta sha, ta ce an tozarta ta a gaban duniya. Ya ce shi ba ya neman na ɗaya, ba ya neman na biyu. A ba yaron na uku, ko don Hausarsa, a ce kular ce ta sami matsala, mace ta samu abin da za ta ɗaga kai da shi. Ya ƙara da cewa an kusa janye yajin aiki, takarduna suna nan a sama, ba ya son wani abu ya sa hannunsa ya yi nauyi.

Na gane sarai. Na ce ya ba ni zuwa gobe. Na hau adaidaita na tafi Gyallesu, ina fatan Malam Sambo zai ɗauke mini, ya ce shi ne shugaba, shi ya hana. Ina! Ya saurara har na gama, ya ce, "Ni ban buɗe kula ba, Isiyaku bai buɗe ba. Ke kika gwada, makinki za mu bi. In kin ce na uku, na uku ne."

Na ce, "Malam, farfesa fa."

Ya ce, "Na sani. Abin da kawai zan tuna miki, rubutun da ya ci ana karanta shi a rediyo."

Ka ji mugun tsoho. Duk hanyar dawowa ba na ganin komai sai mata a ƙauye, an ce musu alƙalan jami'a sun tabbatar, sun kwashe tumatirin da suka noma sun binne a jiƙaƙƙiyar toka sun rufe. Ni tsakar gida ɗaya na kora, wannan kuwa gari guda zai kora, ga asarar amfanin shekara. Na isa gida na ɗauki jan biro, na ba Hausar Nazifi cikakken maki, na ba gwajinsa sifili. Bai zo ko na goma ba. Na yi kuka ranar, ba don Nazifi ba, don kaina.

Aka janye yajin aiki, kwamiti ya zauna, takarduna ba su je ba. Wai an ga wani shafi bai fito sosai ba. Kafin a gyara shafi zango ya wuce, sabuwar ƙa'ida ta shigo. Na koma baya na sake lale. Ɗaliban da na koyar suka zo suka wuce ni, wani ma har ya zama shugaban sashena, yana ce mini Mama Dakta. Farfesa Ɗalhatu in mun haɗu a baranda sai ya gaishe ni da mutunci ya wuce, ni ma haka. Hajiya Turai kuwa in ta hango ni a gidan biki sai ta kai mayafi hanci. Farfesa Ɗalhatu ya yi ritaya, Malam Sambo ya rasu bai ga ranar ba, sannan Allah ya yi, takardar zamana farfesa ta fito.

Muka yi walima a nan tsakar gidan da kuke zaune. Ana cikin cin abinci sai na ji surutu ya ɗauke ɗif. Na waiwaya, ga direban nan, ya tsufa shi ma, rungume da jar kula. Ita ce dai, har da tabon salatif a wuyanta. Mata suka fara laluben takalma. Alhaji ya ce kada wanda ya taɓa, ya sa aka fitar da ita lungu, ya samo doguwar gora, ya tsaya daga nesa ya ture murfin. Kowa ya toshe hanci.

Ba abin da ya tashi. Na matsa na leƙa. Toka ce fara, busasshiya ƙarau. Na sa hannu na tono, sai ga tumatir ja, fatarsa ta ɗan yamutse kamar ta tsohuwa, amma lafiyarsa lau. Na tono wani, na tono wani.

Direba ya ce, "Baba ya ce a gaishe ki, a yi miki murna. Ya ce a gaya miki busasshiya ake sawa, a cikin kwali, ba a liƙewa. Ya ce tun kaka waɗannan suke cikin toka. Tun da ya ajiye aiki abin da yake ta yi ke nan a bayan gida, Hajiya har ta gaji da faɗa."

Na jira ko akwai sauran saƙo, ko kalma ɗaya kan shekarun da na yi ina jira. Babu. Iyakar abin da ya aiko ke nan, kuma na san a wurinsa ba ƙaramin abu ba ne. Na tsaya a lungu da rigar walima, hannuna duk toka, haushi da daɗi suka haɗe mini. Na yanka ɗaya a gaban jama'a, na sansana, na ɗanɗana, don abin da hannu bai gwada ba ba a ba shi maki. Na ce wa direba ya gaya wa Farfesa ya ci gwaji.

Saura kula, ba a mayar da ita wayam. Washegari na yanka kaji, na yi miya da tumatirin nan nasa, na cika ta har baki, Alhaji ya ɗaga ya ji nauyi ya ce ta yi. Direba ya ba ni labari daga baya, ya ce Farfesa ya ci har ya nemi ƙari. Amma kafin nan sai da Hajiya Turai ta sa aka ajiye kular a waje, aka kwashe yara, ita kuma ta tsaya a bayan ƙofa.

Har gobe haka ake yi mini a birnin nan. Ni farfesa ce, hotona yana shafin gasa, amma duk kwanon da ya fito daga gidana, ko kunun azumi ne, a ƙofar gida ake buɗe shi.

To Sadiƙu, ga jan biron nan, ga tsumman hanci, tukunyar tana bayan madafa ku ɗauka. Na ji an ce yanzu waya ma tana rubuta wa mutane maƙala, Hausa tsaf ba tuntuɓe, to ku sani ba ta da hanci, ku ne masu shi. Kuma na ji jiya an kai maka dambun zomo daga Kwarbai, ka cinye har ka suɗe kwanon. Ka je ka duba rubuce-rubucen bana, za ka ga mai kiwon zomo. Kaza nawa ke gare ka a gida?